Buhu Ɗaya

Kukan matar maigadi ne ya tashi unguwa. Ta kawo wa mijinta abin karyawa da sassafe, ta tarar da ƙofar baya ta siton kayan abinci a buɗe, kwaɗo a karye. Shi kuma yana kwance a cikin lungun da ke jikin ginin, ƙeyarsa a kan bakin dakalin siminti, bencin da yake kwana a kai ya kife kusa da ƙafafunsa. Kafin rana ta ɗaga, duk mai ƙafa a layin ya hallara.

Mai Sawu a ƙasa ya iso. Motar sashen bincike na 'yan sanda tana can a ofis, tayoyi lafiya, inji lafiya, mai ne kawai babu, kuma an daɗe da daina tambayar ranar da za a zuba. Dattijo ne siriri mai tafiya kansa a sunkuye, ba don kunya ba, don a ƙasa abincinsa yake. Ya tsufa yana karanta sawun mutane, ya kusa ritaya, bai mallaki ko keke ba.

A bakin lungun ya tarar da Kofur a tsaye, ya gitta igiya yana korar 'yan kallo. Kofur ɗin nan ƙaramin mai bincike ne a sashensu, kuma shi ne mijin Auta, 'yar Mai Sawu da ta rage masa a kusa.

"Baba, ina kwana," in ji Kofur, ya rusuna.

"Lafiya lau. Kai ka fara zuwa?"

"Ni ne. Ina hanyar ofis na ji ihu."

"Ka taɓa wani abu?"

"Ko tsinke. Yadda ka koya mana."

Abin da Mai Sawu yake koya wa duk wani sabon shiga bai da yawa. Ka shiga ta jikin bango, ka fito a kan sawunka, kada ka ɗaga komai daga inda ka same shi. Wasu sukan ji ta kunnen dama ta fita ta hagu, amma Kofur ya riƙe ta kamar karatu, shi ya sa dattijon yake alfahari da shi.

Ya tsuguna ya dubi ƙasar lungun. Tana da laushi, ta sha danshin damina. Ga sawun matar maigadi, shiga a hankali, fita a guje. Ga sawun wani mai silifas, ya shigo rabin lungu ya juya. Sai kuma na Kofur a jikin bango, daga kwalta har ƙofar baya. Wannan kam ya san shi kamar yunwar cikinsa, don takalminsa ne. A farkon damina na Kofur ya tsage gida biyu, albashi kuma bai kai na sabo ba, sai Mai Sawu ya cire nasa na aiki ya ba shi, shi ya koma sa takalmin soso. Da hannunsa ya yi wa dundunniyar hagu faci da guntun taya, ya buga ƙusa uku.

Ya lura takun Kofur gajeru ne, kuma sun nutse. Ya ce a ransa yaron nan taka-tsantsan ya yi masa yawa, ya wuce. Ya bi lungun har bakin kwalta, ya tsaya. Kwalta ba ta magana, duk sawun da ya hau ta ya tafi ke nan.

Jama'a kuwa sun riga sun gama shari'a. An tsinci warin silifas a bakin lungu, kowa ya shaida na wani ɗan dako ne da aka kora daga siton kwanan baya. Samari sun cim masa a tasha, sun yi masa jina-jina kafin su miƙa shi.

*

Mai sito mutum ne mai yawan share gumi. Yana tsaye a tsakiyar kayansa yana lissafa asara ga Sufeto, shugaban sashen.

"Buhu ashirin na shinkafa, yallaɓai. Ban da mai. Sun kashe ni, wallahi sun kashe ni."

"Maigadinka suka kashe," in ji Mai Sawu, bai ɗago kai ba.

Mutumin ya yi kamar bai ji ba. Ya ja Sufeto gefe ya danƙa masa wani abu a hannu, ya ce a zuba mai a mota. Sufeto ya sa a aljihu ba tare da ya duba ba. Ba mugun mutum ba ne, gyambon ciki gare shi da gida cike da 'ya'ya, kuma ya san in mai ƙara bai ba da na mai ba, to bincike a ƙafa zai tafi. Takardar rubuta bayani ma su suke saye da kuɗinsu.

Mai Sawu yana can kusurwa yana duba inda aka ce buhunan suke. Ƙura ta kwanta a wurin, har ɓera ya yi ta kai-komo a kai. A gefe ɗaya ne kawai simintin yake fes, daidai faɗin buhu guda. Kusa da shi ga da'ira fes, daidai gindin galan guda. Aljihun teburin da ake ajiye ciniki kuwa ko taɓa shi ba a yi ba.

"Su nawa kake zato?" Sufeto ya tambaye shi da suka fito.

"Mutum ɗaya. Sau ɗaya ya shiga, buhu a ka, galan a hannu."

"Sauran goma sha taran fa?"

"Ka tambayi mai su."

*

Ɗan dako yana zaune a bayan kanta, ido ɗaya a kumbure, leɓe a fashe. Ƙato ne, amma ya naɗe jikinsa a kusurwa kamar kayan wanki.

"Kun yi faɗa da maigadi?" Mai Sawu ya tambaya.

"Mun yi, Baba. Shi ya ce wa maigida ina tsiyayar shinkafa a aljihu."

"Kana tsiyaya?"

Ɗan dako ya ce, "Wadda ta zube a ƙasa nake sharewa. Ita ma ashe tana da mai ita."

"Me ya kai ka lungun?"

"Haƙuri na je ba shi, ko zai sa baki a mayar da ni. Tun da aka kore ni uwata ba ta ɗora tukunya ba. Na shiga na hango shi kwance, na ga jini. Na san in aka gan ni a wurin ni ne. Sai na gudu." Ya taɓa leɓensa. "Ga shi kuma ni ne ɗin."

Mai Sawu ya sa ya miƙo ƙafa, ya gwada da warin silifas ɗin. Nasa ne. Amma ƙasa ta riga ta faɗi abin da ta gani: mai silifas ya tsaya nesa da ƙofa, ya juya, kuma bai ɗauki komai ba, don sawun fitarsa bai fi na shigarsa nauyi ba.

Ya gaya wa Sufeto haka. Sufeto ya matse cikinsa da hannu ya ce, "Baba, alƙali ba ya jin yaren ƙasa. Ɗan dakon nan yana da gaba da mamaci, ga takalminsa, ga shi ya gudu. Manya suna ta kirana. In ba ka kawo mini wani ba, jibi zan gurfanar da wannan."

*

Matar maigadi tana zaune a ƙofar ɗakinsu na haya, mata sun kewaye ta. Da ta ga Mai Sawu sai ta sa aka ba shi tabarma. Kuka ya ƙare mata, muryarta ta zama busasshiya.

"An ba ni kayan da ke jikinsa," ta ce. Ta buɗe ƙullin zane, ga 'yar fitila, ga hula, ga usur mai igiya.

"A ina aka sami usur ɗin?"

"A wuyansa, cikin riga. Abin da ya tsaya mini ke nan, ɗan'uwana. Mutumin nan ko akuya ce ta shiga lungun sai ya busa. Maƙwabta har ƙorafi suke yi, suna ce masa alƙalin wasa. Amma daren nan ba wanda ya ji komai."

"Sandarsa fa?"

"An ce tana jingine da bango."

Mai Sawu ya juya usur ɗin a hannu. Mutumin da yake busa wa akuya bai busa wa ɓarawo ba, bai kuma ɗauki sanda ba. Ke nan wanda ya gani ba baƙo ba ne, kuma ba abokin faɗa ba ne. Wanda ya gani mutum ne da ake miƙe wa tsaye a gaishe shi.

"Maigidansa yakan zo da dare?"

"Yakan zo da mota wani lokaci. Malam ba ya gaya mini abin da suke ɗauka."

Washegari Mai Sawu ya zaunar da mai sito a ofis, ya rufe ƙofa. Bai yi masa tsawa ba, ya dai yi ta maimaita masa zancen ƙura da sawun ɓera, yana ƙarawa da cewa laifin kisa ba a biyan tararsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin azahar mutumin ya jiƙe sharkaf, ya faɗi gaskiya. Shi da kansa ya kwashe buhu goma sha tara tun makon jiya, ya ɓoye a wani gida yana jiran farashi ya ƙara tashi, da niyyar ya ce wa abokin kasuwancinsa ɓarayi ne. Amma daren kisan yana asibiti wurin matarsa da ta haihu, ma'aikatan jinya sun shaida.

Mai Sawu ya fito da ɓarawon zaune, amma bai fito da mai kisa ba. Saura buhu ɗaya, galan ɗaya, da rai ɗaya, kuma gobe za a kai ɗan dako kotu.

*

Tun rasuwar matarsa, Auta ce take kawo masa abincin dare a ɗakinsa na bariki. Layi biyu ne tsakaninsu. Watannin nan kular takan zo da sauƙi, wani lokaci abin ciki ko mai babu, wani lokaci ta zo da haƙuri kawai. Bai taɓa yin magana ba, don ya san albashin Kofur kafin wata ya raba ya zama labari, ga yara biyu, ga mai shago ya daina ba su bashi.

Ranar nan da yamma ta shigo da fara'a, kular har tana rinjayar hannunta. Da ya buɗe, tururi ya bugi fuskarsa. Shinkafa ce fara sol, mai yana ƙyalli a kai. Yini ya yi bai sa komai a cikinsa ba sai ruwa. Ya ci, ya ci sosai, tana zaune a bakin gado tana yi masa tsiya wai kada ya haɗa da cokalin.

"Yaran fa?"

"Sun ci har sun yi barci a zaune. Ƙaramar cewa ta yi, Umma, yau biki ake yi?" Ta yi dariya, sai kuma idonta ya kawo ruwa. "Baba, rabon da in ga sun bar saura a kwano na manta. Allah dai ya sa ƙarin nan ya ɗore."

"Wane ƙari?"

"Ƙarin albashin da aka daɗe ana yi muku alkawari mana. Babansu ya ce an fara biya. Buhu guda ya sayo, da galan na mai. Kai ba a ba ka naka ba?"

Cokalin yana hannunsa, ya ajiye shi a hankali. Layi ɗaya suke bi shi da Kofur ranar biya, kuma ba a ƙara wa kowa ko sisi ba.

"Tukuna," ya ce. "Wataƙila da ƙanana aka fara."

Bayan ta tafi ya zauna yana kallon sauran abincin. Ya ce wa kansa shinkafa ba a sito ɗaya ake sayar da ita ba. Ya ce wataƙila wani mai ƙara ne ya yi wa yaron ihsani, ko kuma wani mai laifi ne ya sayi bakinsa. Ya tsufa yana ƙyamar cin hanci, bai taɓa zaton akwai ranar da zai roƙi Allah ya sa surukinsa mai cin hanci ne ba. Amma tunaninsa ya ƙi barin takun nan gajeru masu nutsewa a jikin bango.

*

Gari na wayewa yana lungun. Igiyar tana nan, bencin yana nan a kife yadda ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Ya bi sawun Kofur ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da idon aiki, ba da idon uba ba. Kowane sawu an taka shi sau biyu, na biyun ya zauna daidai cikin na farko. Aiki ne mai kyau, irin wanda shi kansa zai yaba.

Ya daɗe a tsugune gaban bencin kafin ya kama gefensa ya ɗaga.

Sawu ɗaya ne a ƙarƙashi, na ƙafar hagu, katakon ya kare shi daga raɓa da iska. Sau ɗaya aka taka shi. Ga facin taya a dundunniya, ga kan ƙusa uku.

Ƙafarsa tana kusa da wurin, taku ɗaya ya isa. Shafa guda da gefen soso, shi ke nan, ƙasa ta yi shiru har abada. Ya ɗaga kai, ya ga hadari yana haɗuwa a gabas. Ko bai shafa ba, in ya jingine bencin da bango ya tafi, sama za ta yi masa aikin. Ya tuna ƙaramar jikarsa tana tambaya ko biki ake yi. Ya tuna dokar bariki, cewa duk wanda aka kora daga aiki iyalinsa ma sai sun bar ɗaki. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma wanda ya yi karin maganar bai ga ɗan dako a bayan kanta ba.

Ya mayar da bencin daidai yadda yake.

Ya sami Kofur a bakin famfon bariki yana wanke fuska.

"Akwai abin da kake son gaya mini?" ya tambaye shi.

Kofur ya tsaya, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Idanunsa sun faɗa, da gani ya kwana biyu bai runtsa ba. Ya dubi surukinsa, ya dubi sama.

"Babu, Baba. Sai dai ina ga yau za a yi ruwa."

"Za a yi," in ji Mai Sawu. "Ka zo lungun sito yanzu, Sufeto yana nemanmu."

*

Sun taru a bakin igiya. Ga Sufeto, ga mai sito yana share gumi duk da iskar da ta taso, ga ɗan dako da ankwa a hannu, ga matar maigadi da mayafi har goshi. Kofur yana gefe. 'Yan unguwa sun cika bayan su, wasu har da duwatsu a hannu, suna jiran a tabbatar musu da abin da suka riga suka sani.

Mai Sawu bai iya dogon jawabi ba. Ya nuna sawun silifas, ya nuna inda ya tsaya da inda ya juya, ya ce mai wannan bai kai ƙofa ba. Ya ce mai sito ya yi ƙarya, kuma zai amsa tata daban, amma ba ya nan a daren. Ya ɗaga usur ɗin maigadi ya ce mamaci ya san wanda ya zo, kuma yana ganin girmansa.

"Yanzu ina tambaya. Tun da aka ga gawa, akwai wanda ya taɓa bencin nan?"

Matar ta girgiza kai. Ɗan dako ya ce bai kai wurin ba.

"Kofur, kai ka tsare wurin."

"Ba wanda ya taɓa, Baba."

"Har kai?"

"Har ni."

"Na yarda. Ka riƙe abin da aka koya maka." Ya nuna bencin. "Shiga ka ɗaga shi."

Kofur bai motsa ba da farko. Sannan ya tsallake igiya, ya bi jikin bango, don jikinsa bai san wata hanyar shiga ba. Ya sunkuya ya ɗaga bencin. Sufeto ya matso ya leƙa, ya dubi sawun, ya dubi wanda Kofur ya bari yanzu a gefensa. Ba sai an iya yaren ƙasa ba.

"Bencin ya faɗi lokacin da maigadi ya faɗi," in ji Mai Sawu. "Duk sawun da ke ƙarƙashinsa kafin nan aka yi shi. Kofur, da safe ka riga mu zuwa, ka bi sawunka na dare ka sake taka su, don in mun gani mu ce na aiki ne. Amma mai buhu a ka gajeren taku yake yi, dole ka yi irinsa kai da ba ka ɗauke da komai. Wannan ɗaya kuma ba ka gan shi ba, saboda ba ka ɗaga abin da ka samu a wurin ba."

Wani ya saki dutsen hannunsa, aka ji faɗuwarsa.

Kofur ya tsayar da bencin daidai, ya zauna a kai.

"Na san kwaɗon ba shi da ƙarfi," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni na zo binciken satar da aka yi musu bara. Na ce buhu ɗaya, mai sito ba zai ma sani ba. Ina fitowa tsohon ya farka, ya haska ni. Ya ce, yallaɓai, kai ne, lafiya? Har ya miƙe yana gyara mini hanya. Sai ya ga buhun. Ya riƙe mini riga yana roƙona, ya ce a albashinsa za a cire. Na ture shi kawai, Baba. Ture shi kawai na yi."

Matar maigadi ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka duba ko yana numfashi?"

"Na duba."

"Yana yi?"

Kofur ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Kuma ka ɗauki buhun," in ji Mai Sawu.

"Na ɗauka."

Sufeto ya juya baya ya daɗe yana kallon bango. Da ya juyo, da kansa ya kwance ankwar daga hannun ɗan dako, don ita kaɗai ce sashen yake da ita. Ya ce a cire takalmin, shaida ne. Kofur ya kwance igiyoyin, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu, yadda ya karɓa ranar da aka ba shi.

"Me ya sa ba ka sa wani ba?" Sufeto ya tambaya a hankali, kamar abin ya fi kisan ba shi haushi.

"Wane, yallaɓai? Shi kaɗai gare ni."

Suna barin wurin ruwa ya sauko.

*

Da yamma aka je ɗakin Auta aka ɗauko buhun da galan, su ma shaida ne. Mai Sawu bai bi su ba. Ita ce ta zo. Ta tsaya a ƙofarsa jiƙe, ba kula a hannunta, ba ta yi sallama ba.

"An ce kai ka nuna shi."

"Ni ne."

"Kai kaɗai ka gani. Da ka yi shiru ba wanda zai sani."

"Da sun rataye ɗan mutane, Auta."

"Na sani." Ta share ruwan da ke fuskarta da bayan hannu. "Na sani, Baba. Ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. Amma kai ma ka ci."

"Na ci."

Ya ce ta kwaso yaran su dawo nan, ɗakin zai ishe su, shi zai kwana a baranda har a ga abin da Allah zai yi. Ta dube shi kamar tana neman wani a fuskarsa ba ta samu ba. Ta juya ta tafi.

Takardar tashin iyalin Kofur daga bariki ba ta ɓata lokaci ba, ita kam ba ta jiran man mota. Mai Sawu ya ji an ce dangin mijin sun ce ta kawo yaran can garinsu. Ya aika mata sau biyu, ba amsa. Ƙarshen wata ya zo, ya bi layin albashi, wanda ke gabansa ya juyo ya ga shi ne, ya kawar da kai. Wasu a sashen suna cewa ya yi daidai, amma sun daina zama kusa da shi.

Wata safiya ya buɗe ƙofa, bayan an kwana ana yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Idonsa ya sauka inda ya saba sauka. Sawu uku ne, na mace ɗaya da na yara biyu. Sun zo daga layinta har bakin ƙofarsa. Macen tana ɗauke da kaya a ka, takunta gajeru ne. Ta daɗe a tsaye, don sawun ya nutse, ta sauya ƙafa sau da yawa. Ƙaramar ta matso har jikin ƙofa, ga inda ta yi ɗage a kan yatsunta don ta kai ga mariƙi. Ga kuma inda aka janye ta baya.

Ya bi su ba takalmi. Ya wuce famfo, ya wuce ƙofar bariki, yana sauri irin wanda ya manta rabonsa da yi. Sawun ya kai shi har bakin kwalta, ya hau.

Ya tsaya a nan, ya duba dama, ya duba hagu.